Yadda za ka sayi mota Beljiyam ko ta hannu ba ka sayo wa kanka jinya ba

Wanda ya sayi motarsa kafin tsakiyar 2023 ya gode wa Allah ya ci gaba da lallaɓa ta. Kuɗin da ya biya a lokacin, in ya koma da su wurin dillalai yau, da ƙyar su kai shi rabin irinta. Ba haɗa baki dillalan suka yi ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. A tsakiyar Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, dalar gwamnati da ke kan naira 460 da 'yan kai ta je ta wuce 1,500 a 2024. Mota kuwa da dala ake cin gwanjonta a Amurka, da dala ake biyan jirgin ruwan da zai sauke ta a Legas, kwastan ma da canjin dala suke lissafa diyuti. Sau uku ke nan dala ke cizon mota ɗaya kafin tirela ta ajiye ta a Kano ko Kaduna.

Sabuwa dal kam sai dai labari. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970 da 1980 sun karɓi rancen mota sun fito da fijo 504 a leda daga kamfanin PAN na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Har yanzu ana haɗawa a ƙasar, ga Innoson a Nnewi, ga kamfanin Dangote da Peugeot da ya fara aiki a Kaduna a 2022, amma galibin masu saye gwamnatoci ne da manyan kamfanoni. Ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa zaɓi biyu ya rage musu: Beljiyam, wadda aka hau a waje aka kawo, ko ta hannu, wadda ta riga ta sha titunanmu. Tunda kuɗin ya kai inda ya kai, kuskure ɗaya a wurin saye na iya cinye tarin shekara biyar. Ga yadda nake bi.

Mataki na farko: raba kuɗin kafin ka fita

Kada ka je da niyyar zube duk abin da ka tara a kan motar. Ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma, ni na fi son biyu, ka manta da su. La'adar dillali na jiranka, da lamba, da inshora, da baƙin mai, sau da yawa har da batir da tayoyi huɗu. Na ga mutum ya sayi mota mai kyau ya kafe ta a ƙofar gida wata biyu saboda babu na taya.

Sannan ka zauna ka yi lissafin mai. A ce kana yin kilomita 30 a rana, wato 900 a wata. Motar da ke ba ka kilomita 12 a lita za ta sha lita 75. Mai silinda shida da ke ba da kilomita 8 a cikin gari za ta sha sama da 110. Ninka bambancin da farashin lita a gidan man unguwarku, shi ne harajin da za ka riƙa biya kowane wata don a ce ka hau babbar mota.

Mataki na biyu: Ƙofar Ruwa kafin wurin dillalai

Wannan mutane ba sa yi, kuma shi ya fi amfani. Kafin ka tsayar da irin motar da kake so, je kasuwar kayan gyara, Ƙofar Ruwa in kana Kano, Panteka in kana Kaduna, ka tambayi kuɗin abu huɗu na motar: inji, giya, fitilar gaba da shokozoba. In mai shago ya miƙa hannu ya ɗauko daga kanta, alama ce mai kyau. In ya ce "sai dai a aiko daga Ladipo", ka san duk ranar da ta tsaya za ku yi zaman jiran motar Legas.

Abin da ya sa Corolla ke tsada ke nan ko ta tsufa: kowane bakanike ya san cikinta, kayanta na ko'ina, ranar da ka matsu kuma kafin la'asar ka sayar. Pontiac Vibe ta samu karɓuwa a Arewa don a ƙarƙashin bonet Toyota ce, tagwayen Matrix. Fijo 406 tana da daɗin doguwar hanya, kuma Kaduna ba ta rasa masu gyaranta, sai dai ka nemi rewaya na ƙwarai tun kafin ka nemi motar. Kowace kuma da lagonta. Camry Muscle ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 an san ta da shan baƙin mai. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira End of Discussion, da ƙanwarta Discussion Continues, tana son a kula da ƙafarta ta gaba, don in aka bar bol-join ya ci ya ƙare, taya na iya lanƙwashewa ana cikin tafiya. Sanin lagon ba ya hana saye, yana nuna maka inda za ka fara dubawa.

Tsakanin Beljiyam da ta hannu, ni ba na cikin masu raina ta hannu. Motar da ka san mai ita, ka san bakanikensa, ta fi Beljiyam ɗin da ba ka san abin da ya fitar da ita daga ƙasarsu ba. Abin gudu shi ne ta hannun da aka wanke, aka cire lamba, aka jera ta cikin Beljiyam. Duba inda ake ɗaura lamba ko akwai sawun tsohon ƙarfe, duba gilashin gaba ko akwai tabon sitika, leƙa ƙarƙashi ka ga ko jar ƙasarmu ta kama.

Mataki na uku: lokacin zuwa da abokin tafiya

Je da safe, rana na haske, da bakanikenka na kanka wanda kai za ka biya shi kuɗin yininsa. Kada ka yarda da wanda dillali ya kira maka, kuma ka gaya wa naka tun a hanya cewa ko an saya ko ba a saya ba haƙƙinsa na nan, don kada ya shiga lissafin la'ada. Da isarku ka ɗora tafin hannu a bonet. In da ɗumi, an tayar da ita kafin ku zo, ka ce za ka dawo gobe a tayar a gabanka. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa.

Za ka ji zance iri-iri. "Alhaji, wallahi wata Hajiya ce ke hawa, daga gida sai makarantar yara." Ka yi murmushi ka ce Allah ya sa albarka, ka ci gaba da dubawa.

Mataki na huɗu: lambar shasi

Kafin a buɗe bonet ma, nemi lambar shasi. Haruffa ne da lambobi guda 17, ana ganinsu a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma kan sitikar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba. Su zo ɗaya, su kuma zo ɗaya da na takarda, harafi da harafi. Babu I, babu O, babu Q a cikinta. In ka ga ɗaya daga cikinsu a takarda, wani ne ya buga da hannunsa ya yi kuskure ko ya yi ƙarya.

Lambar tana magana. Ta farko tana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus, K Koriya. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka, ta goma ita ce shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har gaba. Da wannan kaɗai za ka kama motar 2008 da aka sauya wa fitilu da bamba ake sayar da ita a matsayin 2012, abin da suke kira afgired.

Sai ka rubuta lambar a Google a wayarka, nan a tsaye. Yawancin motocin Amurka daga gwanjon Copart ko IAAI suke fitowa, sau da yawa hotunan ranar gwanjon na nan a intanet: inda ta bugu, da abin da maleji ke nunawa a ranar. In kana son cikakken tarihi, nemi rahoton Carfax, kamfanin da ke tattara tarihin motocin Amurka, amma na kuɗi ne. Kada hoton bugu ya firgita ka, don da yawan Beljiyam ɗin da ke kan titi da rauni suka zo aka gyara a nan. Bugun bamba ko ƙofa ba komai ba ne in an rage maka kuɗi. Uku ne ba na ciniki a kansu: wadda bugun ya kai ga shasi, wadda iyabag ɗinta, jakunkunan iskar da ke kare mutum a haɗari, suka fashe aka cusa tsumma aka ɗinke, da wadda ruwa ya ci.

Maleji kuwa ka ɗauke shi labarin dillali har sai ya samu shaida. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ta shekara goma sha biyar a ƙasar da mutane ke tuƙa doguwar hanya zuwa aiki kullum, a ce mil dubu 60 ta yi, alhali robar fedar birki ta suɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta zauna, ai ka san an taɓa agogon.

Mataki na biyar: takarda kafin inji

Inji in ya lalace ana sayen wani a Ƙofar Ruwa. Takarda in ta lalace motar gaba ɗaya ake rasawa. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka duk motar da aka ce maka 'yar Kwatano ce ko ta biyo ta Maraɗi bayan wannan rana, tambayar farko ita ce a ina aka biya mata diyuti. Nemi asalin takardun kwastan, ba kwafi ba: takardar SGD, wato ta bayyana kaya ga kwastan, mai ɗauke da lambar da ake kira C namba, da rasidin banki, da takardar fita daga tashar jirgi. Lambar shasi da shekarar motar da ke ciki su dace da motar da ke gabanka. Wata dabarar ita ce a rubuta mota a matsayin tsohuwar shekara don a biya kaɗan. Takardar ta gaske ce, amma diyuti bai cika ba, kuma wanda aka samu motar a hannunsa shi zai cika. Don toshe wannan ƙofa ne kwastan suka koma ƙiyasta diyuti da lambar shasi a 2022, a 2024 kuma suka ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗannan motoci su je su daidaita.

Ɗauki kwafin takardun ka kai ofishin kwastan da ƙafarka a tantance. Zuwa da kai ya fi saƙo. Dillalin da ya hana ka kwafi ya riga ya ba ka amsa.

Ta hannu ma tana buƙatar takardun kwastan ɗinta na asali, ƙari da shaidar mallaka, lasisin mota, takardar ba da lamba, da rasidin duk hannun da ta bi. Sunan da ke takarda ya zama na wanda zai sa maka hannu, ka ga katin shaidarsa. In ya ce ta yayansa ce, a kira yayan. Ka tambaya kai tsaye ko an jinginar da ita wurin bashi, ko ta gado ce. Motar marigayi da ba a raba gado ba, ɗa ɗaya ya sayar maka, wata shida sai ga sammaci daga kotu.

Mataki na shida: jiki, ruwa, inji

Nan zan daɗe, don nan aka taɓa cin kasuwata. Motata ta biyu da yamma na saye ta, bayan la'asar, ina sauri. Tana ƙamshin turare har ya yi yawa, na ɗauka tsafta ce. Sati uku gilashin ƙofa ya daina sauka, sai hon ya fara kaɗa kansa da tsakar dare, sai fitilun dashbod suka koma kamar na gidan biki. Na kai wa wani dattijon rewaya. Bai ko taɓa waya ba. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, ya nuna mini wani layi ruwan ƙasa da ya ratsa shi, ya durƙusa ya haska ƙarfen da kujera ke gudu a kai, duk tsatsa. Ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ta yi iyo. Ruwa ya kai nan," ya sa yatsa daidai cinyata. Na sayar da ita da asara, na kuma faɗa wa mai saye gaskiya, shi ya sa asarar ta yi yawa.

Amurka na fama da ambaliya, guguwar Harvey kaɗai ta 2017 ta nutsar da motoci masu ɗimbin yawa a Houston, irin waɗannan kuma gwanjo ake kai su. Don haka ja bel har ƙarshe, ɗaga kafet, cire safaya ka duba raminta ko akwai busasshen taɓo, shinshina da gilasai a rufe. Turare mai yawa tambaya ce.

Jiki kuma, tsaya daga gefe ka kalli fenti a rana, ƙofa da ƙofa, ko launi ya saɓa. Tazarar bonet da ta ƙofofi ta zama daidai hagu da dama. Kusoshin da suka riƙe fenda in sifana ta taɓa su za ka ga fentinsu ya kwaile. Ƙaramin maganaɗisu a cikin hankici, ka bi jikin ƙarfen da shi. Inda ya ƙi kamawa an cika bodi-fila.

Yanzu a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Duk fitilun gargaɗi su kama, har da ta inji da ta iyabag, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. Buɗe murfin baƙin mai ka juya shi: in ka ga abu kamar kunun gyaɗa, ruwa na haɗuwa da mai, gasket ya tafi. Lagireto a buɗe shi inji na sanyi kawai, a tayar a ga ko yana tsattsafo kumfa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne, baƙi kuma fetur take zubarwa. In fanka ta tashi tare da inji ba ta tsayawa, an haɗa ta kai tsaye, wataƙila an cire tamostat, ka tambayi dalili, don sau da yawa motar ta taɓa yin zafi ne. A leƙa salansa a tabbatar indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, na nan, domin ana yanke shi a sayar, rashinsa kuma na kunna fitilar inji, sabonsa da tsada.

A sa mata na'urar sikanin mai karanto laifin mota daga kwamfutarta, ramin da ake jona ta na ƙarƙashin sitiyari a duk motar Amurka daga 1996. Kada ka tsaya a "babu kod". Ka ce mai na'urar ya duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar motar ke yi wa kanta sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge laifuffukan ko aka cire batir, za su dawo bayan ka kai gida.

Sannan tuƙi, ba zagayen layi ba. Rabin awa, da esi a kunne, a shiga cunkoso a ga allurar zafi, a hau hanya mai gargada a saurari ƙafa, a fita babban titi a kai 80 zuwa 100 a ji ko giya na shiga ba fizga ba jinkiri. Sassauta riƙon sitiyari kaɗan ka ga ko tana ja gefe. In kun dawo a tsayar da ita a busasshen siminti minti goma, a matsar, a duba abin da ta ɗiga. Wadda aka mayar mai amfani da gas ɗin CNG, a nuna maka takardar wurin da aka haɗa, tukunyar kuma ta zama ta asali. Tukunyar da mai walda ya ƙera bam ce a but.

Mataki na bakwai: ciniki da biya

Duk aibin da kuka gani ka rubuta da kuɗin gyaransa, da shi za ka taya. "Tayoyi huɗu, shokozoba biyu, gilashin gaba ya tsage" ya fi "a rage mini don Allah" ƙarfi. Ka san cewa tsakaninka da mai motar ana iya samun dillali uku, kowa ya ɗora nasa, saboda haka nemi a haɗa ka da shi ko a waya. A yanke la'ada da wanda zai biya ta kafin a sallama, ba bayan an sallama ba. In aka ce albarka, ka yi sallama ka tafi, lambar wayarka na hannunsu. "Akwai wani Alhaji da zai turo kuɗi yanzu" tsohon zance ne.

Kafin alƙalami ya zama kaɗan, a rubuce, da sharaɗin za a dawo da shi in takardu ba su tantance ba. Cikon kuwa ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa ko na kamfaninsa, ba na yaron shago ba. A rubuta yarjejeniya mai lambar shasi da ta inji da farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa. A fiƙihu mai saye na da damar mayar da kaya in aka ɓoye masa aibi, amma a gaban alƙali sai da hujja, don haka in ya rantse ba ta taɓa bugu ba, ka ce a sa a takarda. A nan za ka ga wanda rantsuwarsa ke da nauyi. Karɓi makulli biyu. In ɗaya ne, na zamani masu kwamfuta yankan wani ba araha ba ne, a cire daga kuɗin.

Mataki na takwas: satin farko

Yi canjin mallaka ko sabuwar lamba a ofishin lasisi na jiharka, da kanka, ba ta hannun 'yan bakin ƙofa ba. Inshorar dole ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da ka yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun fara matsa bincikenta daga 1 ga Fabrairu 2025. Ta bogi ta yi yawa, saboda haka bayan ka biya ka sa lambar motarka a rumbun NIID, shafin intanet na tantance inshora, ka ga ko ta fito.

Daga nan sai gareji. A juye baƙin mai da filta ko da an rantse maka jiya aka sauya, a duba man giya da na birki, a sa ruwan lagireto na gaske maimakon na rijiya. Tayoyi ka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra shekara huɗu take ƙirga wa taya daga ranar ƙira, kuma in motar daga Kanada ta zo da tayoyin ƙanƙara, zanensu ko ya kai yaya kyau, kwaltar Zariya a watan Afrilu ba za ta bar su ba. Asalin takardun kwastan da yarjejeniyar ciniki su zauna a gida cikin akwati, kwafi a aljihun dashbod, hotonsu kuma a wayarka.